Gaisuwar Sallah daga Sarandib

Beruwala, Siri Lanka
1 ga Shawwal, bayan isha'i

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ina fatan gwiwar Baba ta lafa, har an samu zuwa Idi da ƙafa kamar yadda aka saba. Ni dai lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Auta, ke za ki karanta musu, na sani. Ki jira a gama cin tuwon dare, a kore yara daga kan tabarma, sannan ki karanta a hankali. Kada ki tsallake inda kika ga ya yi tsawo, don zan tambayi Goggo.

Kun riga mu Sallah da kwana guda. Jiya da Yaya ta turo mini hoton yara cikin sababbin kaya, ni bakina da azumi, muna jiran sanarwar ganin wata daga Babban Masallacin Kolombo. Amma ba na ƙorafi, don duk tsawon watan nan ni nake riga ku shan ruwa. Agogonmu yana gaban naku da awa 4 da rabi, in na kai dabino baki ku a lokacin ake haramar azahar.

Da safe na fito da shaddar da Inna ta sa aka ɗinka mini bara, na kafa hula. Mazan garin nan zane suke ɗaurawa, ƙato da gemunsa ka gan shi da zane har idon sawu da farar riga, haka limami, haka attajiri. Saboda haka daga ƙofar gida zuwa masallaci sai da aka tsayar da ni ɗaukar hoto ya fi sau goma. Wani dattijo ya kama hannun rigar yana jujjuyawa, yana tambaya ko ni sarki ne a garinmu. Na ce masa ɗan malami ne, ya ce ai ya fi.

Baba, ga wani abu da zai ba ku dariya. Mutanen nan Shafi'awa ne. A raka'ar farko ta Idi kabbara bakwai suke yi ban da ta harama, mu kuwa bakwai har da ita, kuma suna ɗaga hannu a kowace. Shekarata ta farko na ƙirga bakwai na natsu ina jiran Fatiha, sai na ji liman ya ƙara ɗaya, har na ɗauka mantuwa ya yi. Bana na bi su sumul. Bisimilla a bayyane suke karanta ta, alƙunutun asuba kuma ba sa bari.

Yanzu ga saƙon Inna. Na san ba za ta karɓi waya ta tambaye ni da bakinta ba, ɗan fari ba shi da wannan gatan. Amma Auta ta isar da duk abin da aka ce a tambayi “wancan na can”: ko yana samun abinci, ko akwai Musulmi, kuma wai me ya sa mutum da hankalinsa zai je ya zauna a tsakiyar ruwa.

Abinci akwai, Inna. Yau bayan an sauko mai gidan da nake haya ya ja ni har cikin gidansa. A babban faranti suke zubawa, mutum shida su kewaye shi a ƙasa su sa hannu, kamar dai mu. Shinkafa ce dafa-duka da naman sa da kaza da dafaffen ƙwai, sai wani abin zaƙi da suke kira watalappan, wanda Sallarsu ba ta cika sai da shi. Madarar kwakwa ake haɗawa da ƙwai da kayan ƙamshi da wani irin mazarƙwaila na ruwan bishiya, a turara shi ya kama jikinsa. Na ci har na ji kunya. Kwakwa ce gishirin ƙasar nan, a miya tana ciki, a yaji tana ciki, man girki nata ne, igiya da tsintsiya ma daga jikinta. Da azumi kowane masallaci yana dama wani kunun shinkafa da suke ce wa kanji, yara su zo da kwanuka a zuba musu su kai gida. Akwai kuɓewa da rogo da tsamiya. Zogale ma ga shi ko'ina, sai dai su ’ya’yansa dogayen nan suka fi yin miya da su. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ranar da na gano suna da tamba. Kurakkan suke ce mata, kuma mutanen karkara suna tuƙa tuwonta su haɗiya da miya. Na sayi garin na tuƙa da kaina. Ya yi gudaji, amma na cinye.

Musulmi kuwa kusan kashi 10 cikin 100 ne na mutanen ƙasar, su kuma mutanen sun kai miliyan 22. Mafi yawa mabiya addinin Buda ne, sai ’yan Hindu da Kirista. Garin da nake na Musulmi ne tun fil azal, ana cewa nan Larabawa ’yan kasuwa suka fara sauka. Akwai wani masallaci, Masjidul Abrar, da mutanen gari suke cewa tun shekarar 920 aka kafa shi. In haka ne, ana kiran salla a nan tun ba a gina ganuwar Kano ba. Harshen Tamil suke yi a gida, amma uwa Umma suke ce mata, ranar da na fara jin yaro ya ƙwala “Umma” a lungu sai da na waiga. Babban wa kuma Nana ake kiransa. Yaran gidan Nana suke ce mini, kada Goggo ta ji ta mayar mini da shi suna. Kuɗi kuwa salli, shi ya sa yau da suka kewaye ni suna “salli, salli” ban nemi tafinta ba.

Ba zan ɓoye muku ba, zaman ba kullum yake lami lafiya ba. A 2014 an yi rikici a Aluthgama, garin da ke maƙwabtaka da mu, aka ƙone shaguna da gidajen Musulmi. A 2019 wasu marasa tsoron Allah da sunan Musulunci suka tayar da bama-bamai a coci-coci da otal-otal ranar Ista, mutum fiye da 250 suka mutu, Musulmin ƙasar suka daɗe suna shan kallon banza a kan laifin da ba nasu ba. Mun san irin wannan a gida, ba sai na yi dogon bayani ba. Ni dai tun zuwana ba wanda ya taɓa ce mini kanzil. Duk ranar da wata ya cika hutu ne a ƙasar baki ɗaya, saboda masu bin Buda, ba a sayar da nama ba a sayar da giya. Daidai kwanakin da Baba suke azumin tsakiyar wata ke nan.

Maganar ruwa, Inna tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Ranar 26 ga Disamba 2004 teku ya yi ambaliya bayan girgizar ƙasa a can wajen Indunusiya, ya ci mutum fiye da 30,000 a ƙasar nan. A kan wannan layin dogon da nake bi zuwa Kolombo, can kudu da mu, ruwa ya kifar da jirgin ƙasa cike da mutane. Mai gidanmu ya ce da idonsa ya ga teku ya janye baya, kifi yana tsalle a kan yashi, mutane suka ruga ɗiba, sannan ruwan ya dawo. Da ya kai nan sai ya yi shiru ya ƙara mini shinkafa. Amma a kwantar da hankali. Tsibirin ba ɗan tudun tsakiyar kogi ba ne, ya ninka jihar Kano sau uku, kana iya wuni a mota ba ka ga teku ba. Ɗakina kuma yana cikin gari, nesa da gaɓa. Ruwan da yake damuna na sama ne. Babu hunturu a nan, babu rani irin namu, sai zafi mai ɗanko da gumi. Ka shanya riga kwana biyu ba ta bushe ba. Kilishin da Kawu ya aiko mini bara, mako guda na buɗe na tarar ya yi fumfuna fari fat, na zauna ina kallonsa kamar an yi mini rasuwa.

A gaya wa yara akwai tsari a magudanar bayan gidanmu wanda ya fi ni tsawo in aka haɗa da wutsiya, kuma ba mai kula shi. Hankakan nan kuma ba shi da farin ƙirji, baƙi ne, ga rashin kunya, daga hannunka zai fizge burodi.

Baba, yanzu ga naku. Daren da zan taho kun ce mini in har ƙasar nan ita ce Sarandib ta cikin littattafai, to in nemi dutsen da aka ce Annabi Adamu, alaihis salam, ya sauka a kansa. Ita ce. Sarandib sunan da Larabawa suka ba ta ke nan, Turawa suka kira ta Silon, sai a 1972 ta koma Siri Lanka. Shekara biyu ina cewa gobe, sai a watan Sha'aban ɗin nan Allah ya nufa na je.

Jirgin ƙasa na hau daga Kolombo zuwa wani gari Hatton, yana ta hawa yana nishi. Tun ana ganin kwakwa da gonakin shinkafa har aka shiga duwatsu, iska ta yi sanyi, ko'ina ya koma kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Ganyen shayi ne. Lipton ɗin da ake dafa muku kullum da safe, mai sunan wani Bature ne da ya sayi gonaki a nan a 1890. Da can gahawa Ingilishi suke nomawa a duwatsun, wata cuta ta shiga ta tun 1869 ta gama da ita, suka koma shayi. Masu tsinkar ganyen mata ne ’yan Tamil, jikokin waɗanda aka kwaso daga kudancin Indiya don wannan aikin. Na gan su ta taga da buhu rataye a ka, suna tsinka da hannu biyu a kan gangaren da ni ko tsayuwa ba zan iya ba, na kuma ga dogayen ɗakunan kwano da suke kwana a ciki. Tun daga ranar shayi ya ɗan canza mini ɗanɗano.

Da misalin ƙarfe 2 na dare muka fara hawa, don a riski fitowar rana a sama. Tsayin dutsen mita 2,243, matakala kuma sun haura 5,000. An sa fitilu tun daga ƙasa, in ka ɗaga kai sai ka ga layin wuta ya miƙe har ya haɗe da taurari, ba ka gane inda fitila ta ƙare. Farkon tafiyar ina ta wuce mutane ina jin kaina. Kafin a yi rabi gwiwoyina sun fara rawa, na zauna a rumfar mai shayi ina haki, sai ga wata tsohuwa da ta girmi Goggo, cikin fararen kaya, ba takalmi, jikokinta biyu sun riƙe ta suna waƙar addininsu. Ta dube ni ta yi murmushi ta wuce. Ba shiri na miƙe.

Wani abin da ya ƙarfafa ni shi ne tunawa da Ibnu Baɗuɗa. Ya hau dutsen nan a 1344, lokacin babu siminti babu fitila, sai sarƙoƙin ƙarfe da aka kafa a jikin dutse ana kamawa. Ya ce guda goma ne, ta ƙarshe ana kiranta sarƙar Shahada, don duk wanda ya kai nan ya leƙa ƙasa sai ya yi kalmar shahada saboda tsoro. Ya ce hanyoyin hawa biyu ne, ɗaya hanyar Baba ɗaya hanyar Mama, wato Adamu da Hauwa'u, kuma ta Baba ta fi wuya. Ban yi mamaki ba. Mutumin nan dai shi ne bayan shekara tara ya isa Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagullar garin. Sai na ji kamar wani na gida ya riga ni zuwa.

A can ƙoli sanyi ne irin na tsakiyar hunturu, ga iska, ga cunkoso, kowa ya cire takalmi. Sawun ƙafar da ake zuwa gani yana cikin wani ɗan ɗaki da masu bin Buda suke kula da shi, an lulluɓe shi, ana ta ajiye furanni. Wani rami ne a jikin dutse mai siffar ƙafa, tsawonsa ya kusa tsayin mutum. Su suna cewa sawun Buda ne, ’yan Hindu suna cewa na abin bautarsu Shiba ne, Musulmi da wasu Kirista suna cewa na Adamu ne. Ni dai na leƙa na wuce, ban taɓa ba, ban rusuna ba. Kun koya mana cewa labarin saukar Annabi Adamu a ƙasar Hindu yana cikin abin da masu tarihi da tafsiri suka kawo, ba abin da za a rantse a kai ba ne, kuma ban ga abin da zai sa in ƙara a kan haka ba. Allah ne masani. Na sauko ’yan matakala na samu wani lungu na yi asuba a kan rigar sanyina, na yi muku addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayenku.

Da rana ta ɓullo sai kowa ya juya yamma. Inuwar dutsen ce ta faɗa a kan gajimare, mai kusurwa uku, tsaf kamar an ja ta da rula, alhali shi dutsen ba haka yake ba. Gajimare a ƙarƙashin ƙafata, daji a ƙarƙashin gajimare. Abin da ya zo mini a rai, Baba, shi ne in ma da gaske nan aka sauke shi, to wuri ne mai kyau ƙwarai, amma shi kaɗai ya tsaya a wurin, ba wanda ya sani, kuma ya san inda ya baro. Na daɗe a tsaye. Akwai ƙararrawa da kowa yake kaɗawa adadin zuwansa, wani tsoho ya kaɗa har na gaji da ƙirgawa. Saukowa ta fi hawa azaba, kwana uku ina salla a zaune.

Kun tambayi yadda Turawa suka shigo musu. Kirfa ce ta jawo. ’Yan Fotugal suka zo a 1505, suka tarar cinikin yana hannun Musulmi, suka tsananta musu har sarkin Kandi, wata masarauta a tsakiyar tsibirin, ya ba wasu mafaka. Mutanen Holan suka kori ’yan Fotugal, Ingilishi suka kori mutanen Holan a 1796, sannan suka ci Kandi a 1815, shekara 88 kafin su shiga Kano. Sun samu ’yancin kai a 1948. Yaƙin basasa ya ci su daga 1983 zuwa 2009. Auta, ke kuma ki riƙe wannan: a 1960, shekarar da muka samu namu ’yancin, su mace suka naɗa firaminista, Sirimavo Bandaranaike, ta farko a duniya. Ki yi karatu.

Saura maganar da nake ta kewaye-kewaye. Na yi alkawarin zan yi Sallar nan a gida, ga shi ban zo ba, kuma ya kamata ku ji dalili daga bakina.

Kun san safaya nake kawowa daga Mambila, shuɗin yakutun nan. Kasuwarmu a nan wani titi ne a unguwar da ake kira China Fort, ba rumfa ba tebur, mutane ne tsaye cunkus, kowa da ’yar farar takarda a naɗe a aljihu da ƙaramar tocila da madubin dubawa. Dutsen da bai kai ƙwayar gyaɗa ba sai ya sayi gida. Nasu na ƙasar daga wajen Ratnapura ake haƙo shi, na je na gani. Rami suke yi a tsakiyar gonar shinkafa, su tokare shi da itace, su ɗebo tsakuwar ƙasa, su zuba a kwando su shiga ruwa suna juyawa har mai nauyi ya kwanta a gindi. Daidai yadda Inna take rege shinkafa, sai dai ita tsakuwar take zubarwa, su ita suke nema. Sun kuma ƙware wajen gasa dutse. Akwai wani fari-fari mai hazo da suke kira geuda, in aka sa shi a wuta mai tsanani sai ya fito shuɗi. Halal ne in an faɗa wa mai saye, amma kuɗinsa bai kama ƙafar wanda Allah ya yi shi shuɗi tun daga rami ba.

To cikin kayan da aka aiko mini kafin azumi akwai manya guda uku da na zuba kusan duk jarina a kansu, bisa amanar wanda muka daɗe muna hulɗa. Wani dillali dattijo ya ɗaga ɗaya ya haska, ya dube ni, ya mayar cikin takarda ya naɗe da kansa ya ce in kai ɗakin gwaji kafin in nuna wa kowa. Sakamako ya fito: biyu gasassu ne, na ukun ma ba dutsen ƙasa ba ne, na masana'anta ne. Ba zan faɗi sunan mutumin ba, kuma ina roƙon Kawu kada ya je gidan kowa. Wataƙila shi ma haka aka yi masa. Kuɗin jirgin ne dai ya tafi a nan. Dattijon nan da ya rufa mini asiri shi ya ba ni kayansa nake sayarwa ina cin la'ada, da haka na ɗan farfaɗo. Ban ci bashin kowa ba, kuma ban kwana da yunwa ba. In Allah ya yarda ina sa ran babbar Sallah, amma wannan karon ba zan ce alkawari ba.

Ɗan abin da na turo ta hannun Yaya ba yawa. A cire na maganin Baba tukuna, a ba Inna nata a hannunta kada a ce an ajiye mata, sauran a raba wa yara goron Sallah, har da ’ya’yan maƙwabta na ƙofar gida. Zakkar fid da kai na fitar a nan da shinkafa, ba sai an fitar mini ba. Akwai ƙullin kirfa da ganyen shayi da zan ba wani ɗan Jos da zai taho bayan sittu Shawwal, kirfar ta Goggo ce.

A gaishe da Liman da mutanen zaure, da Kawu da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni. Ina neman gafarar Baba da Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a. In ɗan Jos ɗin zai dawo a haɗo ni da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure su sosai a leda biyu. Kilishi kuwa a bar shi sai na zo.

Wassalam.
Ɗanku na Sarandib